Dalilin Da Ya Sa Hadari Yake Haɗuwa Ya Watse

Ya kamata jama'a su sani cewa danshi kaɗai ba ya kawo ruwan sama. Iskoki biyu ne suke raba shekara a Afirka ta Yamma: busasshiyar iskar hunturu mai kaɗowa daga Sahara, da iska mai danshi wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Ta biyun ce take ɗauko tururin ruwa, amma tururin nan ba ya zama girgije sai iskar ta hau sama ta yi sanyi. Kafin girgije ya fara haɗuwa, zafinta yana raguwa da kusan digiri 10 a kowace kilomita da ta hau. Idan duk da haka ta fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi, sai ta yi ta hawa, girgije ya yi tsiri, hadari ya haɗu, a kece da ruwa da tsawa. In kuwa ta tarar da iska mai ɗumi a bisanta, to an danne ta ke nan kamar murfi a kan tukunya, sai dai shimfiɗaɗɗen girgije, a tashi da yayyafi.

Wani zai ce ai duk garin da ke bakin teku ba ya rasa ruwa. To, ga Akara a bakin teku take, amma ruwanta na shekara bai kai milimita 900 ba, alhali na Legas ya haura 1,500. Ko Legas ɗin ma, ruwa yakan ɗauke mata a watan Agusta, daidai lokacin da Kano take tsakiyar marka, domin teku ya yi sanyi, iskar da ke kansa ta kwanta ta ƙi tashi. Wani kuma zai ce hadarinmu daga gabas yake zuwa, ina ruwansa da kudu? Gaskiya ne daga gabas yake zuwa, amma iskar can sama ce take kora shi yamma. Danshin da ke ciyar da shi ta ƙasa yake shigowa.

A ƙarshen bazara wannan danshi bai yi kauri ba, busasshiyar iska kuma tana bisansa tana shanye girgije, shi ya sa hadari yake haɗuwa ya watse da guguwa da ƙura. Saboda haka manomi kada ya zuba irinsa duka a ruwan farko. A jira ƙasa ta jiƙu sosai, a kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa kowace shekara.