Kafin Ka Rubuta Layi Ɗari, Leƙa Laburaren Python

Zuwa ga ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Tarai, Kibiya, Rano da ƙauyukan kewaye.

Sana'ata rubuta manhajar ajiye lissafi ce ga makarantu da masu shaguna, kuma in na zo gida hutu nakan zauna da matasa masu koyo. Yawancinsu a waya suke aiki da Pydroid 3, tunda ba kowa ke da kwamfuta ba. Ciwo guda nake gani a ayyukansu, kusan kowa da kowa: a zuba komai wuri ɗaya, daga layin farko har na ɗari biyu, babu rabewa. Ana neman matsakaicin makin aji uku, sai a rubuta lissafin sau uku. Ran da aka gano kuskure a gyara ɗaya a manta da biyu, sakamakon aji ɗaya ya fita daidai, na sauran ya karkace, a yi ta neman dalili har caji ya ƙare. Maganin abu biyu ne da ake koyarwa tun makonnin farko amma ake wuce su da gudu: fankishin da laburare.

Fankishin guntun aiki ne da ka ware, ka raɗa masa suna, ka faɗi abin da zai karɓa da abin da zai mayar maka. Daga nan duk inda ka buƙace shi sai ka kira sunansa. Mu 'yan ƙasar Rano bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba, domin tun a tarihin Hausa Bakwai Kano da Rano ake kira sarakunan baba. Masaƙi ba ya haƙa karofi a tsakar gidansa. Farin ƙyalle yake kai wa marina ya karɓo rinanne, bai damu da yadda marini ya haɗa baba da toka ba, shi ma marinin bai tambaye shi yadda ya yi saƙarsa ba. Kowa da aikinsa, abin da ke tsakaninsu kawai abin da aka miƙa da abin da aka karɓa.

Ga misali daga abin da iyayenmu ke lissafawa duk kaka, wato zakkar amfanin gona. Nisabi awsuƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala ko da inji kuwa ɗaya bisa ashirin.

def zakkar_hatsi(sai, da_inji):
    if sai < 300:
        return 0
    if da_inji:
        return sai / 20
    return sai / 10

Layi shida ke nan. Ko manoma dubu ne a jerinka, da masu dawa da masu masara da masu shinkafa, wannan guntun zai yi musu hisabi, kuma in gyara ya taso wuri ɗaya za ka taɓa. Ka kuma lura cewa fankishin ɗin bai buga komai a allo ba, amsa ya mayar. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe: sai su sa print a inda ya kamata su sa return, amsa ta bayyana a allo su yi murna, amma da suka zo tara ta da wata sai kwamfuta ta ce None ta samu. Print nuna wa mutum yake yi, return miƙa wa sauran manhajar yake yi. A gefe guda kuma, ko gonar da ke shan ruwan magudanar dam ɗin Tiga tana ɓangaren goma ne ko na ashirin, wannan tambayar malaman fiƙihu ce. Manhaja abin da aka faɗa mata take lissafawa, ba ta ba da fatawa.

To laburare fa? Tarin fankishin ne da wasu suka rigaya suka rubuta, aka gwada, aka adana. Abin ya daɗe. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda kwamfutar EDSAC ta fara aiki a 1949, Maurice Wilkes da David Wheeler da abokan aikinsu sun ga kowa na maimaita lissafi iri ɗaya, sai suka riƙa huda guntayen ayyukan a zaren takarda suna ajiyewa a kabad, mai buƙata ya ɗauka ya kwafa cikin nasa. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, da nasa kabad ɗin yake zuwa a cike. Da zarar ka sauke shi ka sauke math, datetime, random, csv, statistics, fractions, decimal da wasu da dama. Ba sai da data ba, ba sai da sabis ba. Ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Bari in tsaya kan lissafin kuɗi, don nan ne na fi ganin ɓarna a wurin aiki. Buɗe wayarka yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2. Ba 0.3 za ka gani ba, 0.30000000000000004 za ka gani. Wayarka lafiyarta ƙalau. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma ɗaya bisa goma ba ya rubutuwa cif a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. A aikin aji abin dariya ne. A littafin shago mai ciniki ɗaruruwa a rana, sai ka kwatanta jimla biyu da ya kamata su zo ɗaya manhaja ta ce sun bambanta, mai shago ya fara kallon yaronsa da wani ido alhali yaro bai taɓa ko kwabo ba. An yi decimal ne don wannan, yana riƙe naira da kwabo yadda ɗan kasuwa ke rubuta su. Haka fractions: a rabon gado in mata ta ɗauki ɗaya bisa takwas, uwa ɗaya bisa shida, Fraction zai ce maka an fitar da 7 bisa 24, saura 17 bisa 24, babu ragi babu ƙari. In ka bi ta raba lamba kai tsaye, ɗaya bisa shida zai zama 0.1666 da jela mai tsawo, kuma haƙƙin marayu ba wurin kintace ba ne.

Kwanan wata ma haka. Manomi ya shuka masara mai kwana 90 ranar 15 ga Yuni 2025, yaushe za ta nuna? Mai koyo zai zauna yana jera wata mai 30 da mai 31, in kuma wani lissafin ya ratsa Fabrairu ya rikice. Da date da timedelta na cikin datetime layi ɗaya ne, amsa 13 ga Satumba. Kada ka raina wannan aiki. Kowa ya san shekarar da ta rabu da 4 Fabrairunta kwana 29 ne, amma kaɗan ne suka san 1900 ba ta ciki, 2000 tana ciki, 2100 ba za ta shiga ba, domin shekarar cikar ƙarni sai ta rabu da 400. Manhajar Excel har yau tana karɓar 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, kuskuren da ta gada daga Lotus 1-2-3. In manya sun faɗa wannan rami, kai da ka fara jiya me zai kai ka bakinsa?

Sauran ba sai na ja ba. Matsakaicin maki, statistics.mean. Karanta jerin ɗalibai daga fayil, csv. Ƙuri'ar wanda zai fara kwasar adashi, random.shuffle, amma kada ka haɗa kalmar sirri da random, secrets aka tanada don wannan. Wanda ya yi darasin kwamfuta a sakandare ma ya taɓa haɗuwa da irinsu a BASIC: SQR, INT, ABS, RND. An dai haddace su ne don jarrabawa, ba a faɗa mana cewa su ne ƙofar sana'ar ba.

Wani zai ce, Yaya, in komai laburare zai yi min, yaushe zan iya? Tambaya ce mai kyau. Ra'ayina shi ne ka rubuta da hannunka sau ɗaya don ka gane, ka jera lambobi daga ƙarami zuwa babba da dabararka, ka ga wahalar. Daga nan in aikin mutane ne a hannunka, sorted za ka kira. Tsarin jerawar da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002 miliyoyin mutane sun gwada shi, naka kai kaɗai ka gwada.

Kuma laburaren yana da iyaka, a iyakar nan ne ƙwarewarka za ta fito. Ba sorted sunayen Bala, Ɗanladi, Ƙasimu da Zainab. Zai sa Bala, sai Zainab, sannan Ɗanladi da Ƙasimu a can ƙarshe, saboda lambobin haruffanmu masu lanƙwasa a tsarin Unicode sun zo bayan Z. Ka yi tunanin rajistar aji da duk masu Ɗ da Ƙ suka koma ƙasan takarda. Gyaran shi ne ka rubuta ƙaramin fankishin naka mai sa Ɓ bayan B, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, ka miƙa wa sorted ta hanyar key. Shi ya yi jerawar, kai ka koya masa Hausa. Haka datetime kalandar Miladiyya kaɗai ya sani, babu Hijiriyya a laburaren asali, kuma ko ka samo wata daga waje lissafi za ta ba ka, ganin wata kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira.

Batun samowa daga waje, a yi hattara. Yanzu da an tambayi ChatGPT ko an kalli bidiyo sai a ce a sauke kaza da pip, yaro ya ƙona datarsa kan abin da ke cikin wayarsa tun farko. Kayan waje suna da amfani, ni ma ina aiki da su, amma kowanne amana ce ka ɗora a hannun wanda ba ka sani ba. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye guntun aikinsa mai layi 11, left-pad, daga rumbun npm na masu JavaScript, manhajoji da yawa a duniya suka kasa haɗuwa har sai da aka mayar da shi. Aikin guntun kawai cike gurbi a gaban rubutu, abin da rjust ke yi a Python ba tare da ka sauke komai ba.

Ga aikin da nake so kowa ya yi a wannan mako. Ka rubuta import math, sannan dir(math), ka ga abin da ke ciki. Wanda ba ka gane ba ka sa shi cikin help ka karanta. Sannan ka ɗauko manhaja mafi tsawo da ka taɓa rubutawa, ka nemo duk lissafin da ya maimaitu, ka mayar da shi fankishin mai suna da ake ganewa, ko da Hausa ne. Ku kuma yayyenmu da ke karatun kwamfuta a jami'ar Wudil da Bayero, don Allah in kun zo hutu ku ware yamma ɗaya ku zauna da ƙannenku na Tarai da Kibiya, ku duba abin da suka rubuta layi bayan layi.