Darasi: Ƙarar Bindiga da Tagar Maƙwabci

'Yan'uwa manoma, ƙara ma tana da ma'auni kamar hatsi. Sunansa desibel. Hirar mutum biyu takan kai wajen 60. Harbin bindiga kuwa yakan wuce 140, kuma harbi ɗaya kusa da kunne ya isa ya rage wa mutum ji har abada, gama abin da ya mutu can cikin kunne ba ya sake tsirowa.

A Jamus akwai filayen koyon harbi kusa da gidajen mutane. Dokar ƙara ta 1998 ta yanka iyaka: a ƙauye, matsakaicin ƙara kada ya wuce 60 da rana, 45 da dare. Abin da ya burge mu shi ne wurin awon. Ba a bakin bindiga ake yi ba, sai a tagar maƙwabcin da ƙarar ta fi damu, rabin mita daga waje. In ta wuce, sai mai fili ya tara tudun ƙasa ko ya rage harbi.

Nijeriya ma tana da dokar ƙara tun 2009. Ba mu da filin harbi, amma muna da bindigar toka ta korar birai, da injin niƙa na ƙungiya. Wanda ya yini cikin ƙarar da ta wuce 85 yana cutar kunnensa. In sai kun yi ihu kafin na kusa ya ji, an kai nan. Auduga ba ta tarewa sosai. A saya wa mai niƙa toshen kunne na roba.

A taro mai zuwa, a tambayi gidan da ya fi kusa da injinmu.