Filin Shawara: Gulbi Ya Kawo, Maigida Ya Ƙi Zama

Ni matar aure ce a wani ƙauye na ƙasar Kalgo. Shekararmu 14 da maigidana, 'ya'yanmu biyar. Manomi ne, yana kuma taɓa su kamar yadda ya gada. Bana ya ci bashin taki ya zuba wa shinkafarsa ta fadama, ruwa ya zo a watan Agusta ya shanye ta kaf. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Da an sallame isha'i sai ya ɗauki fitila da kalli ya faɗa jirgi, ga gulbi ya cika ya batse, ya dawo da asuba da abin da bai wuce na miya ba. Yanzu kuma ya fara tafiya da babban ɗanmu mai shekara 12, wai ya riƙe masa jirgi. Na yi magana, ya ce shi a ruwa aka haife shi. Na yi kuka, ya ce baki nake yi masa. Ranar Juma'a na ɓoye filafilinsa, ya kwana biyu bai ci tuwona ba. Inna, in tafi gidanmu ne, ko in zuba ido?
Uwar biyar, Kalgo

Ɗiyata, sannu. Duk macen da ta taɓa kwana ido biyu tana jiran motsin ƙyaure ta san abin da kike ji. Ruwa na kwarara a indararo, ke kuma kina lissafin inda jirgi ya kai. Ba ki yi laifi ba da kika ji tsoro.

Amma fa wa ya ba ki dabarar ɓoye filafili? Namijin da bashi ya sa a gaba, in kin ɓoye nasa zai ari na maƙwabci, sai ki tashi da asara biyu: ya tafi ruwan, kuma unguwa ta ji cewa ba ya da ta cewa a gidansa. Ki mayar masa da abinsa yau, ki ba shi haƙuri. Maganar yaji kuwa ki ajiye ta. In kin tafi, wa zai tsaya tsakanin yaron nan da gulbi?

Kada ki ɗauka kifi kaɗai mijinki ke nema a cikin daren nan. Kunya ce ke korar sa daga gida. Da rana yana tsoron haɗa ido da mai taki a kasuwa, da dare kuma shimfiɗa ta zame masa ƙaya. Shiga ruwan shi ne yake sa ya ji cewa bai zauna hannu rabbana ba. Idan kika ce masa "za ka mutu", abin da kunnensa ke ji shi ne "ka gaza". Shi ya sa kukanki yake ƙara tunzura shi.

To, ki canza salon magana. Ki zo masa ta ƙofar da ya sani, wato ta kifin kansa, don a nan ne gaskiya take tare da ke.

Ni na tashi ina jin tsofaffin masunta suna faɗar abu guda: in gulbi ya kawo, kifi ba ya tsakiya. Haka Allah ya tsara abin. Da ruwan malka ya sauka, gulbin Kabi ya haura gaɓa ya malale fadama, sai tarwaɗa da karfasa da bargi su bar kwarin gulbi su bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawa da gonaki. Can suke zuba ƙwai, can ƙanana ke samun abinci da mafaka. Kifin da a watan Maris yake cunkushe a gurbi ɗaya, a watan Satumba ya watsu a faɗin da ido ba ya iya ƙurewa. Wanda ya rage a gulbin ma ba ya tsayawa inda ruwa ke gudu, sai ya laɓe a gefe, bayan kututture ko a bakin wata 'yar ƙorama, inda ba zai wahala ba. Me ya rage a tsakiya? Igiyar ruwa, da itacen da ta tumɓuko, da ciyawar da ke naɗe kalli ta yaga shi. Mijinki yana kai ransa inda hatsari ya fi yawa kuma rabo ya fi ƙaranci. Kifin miyar da yake kawowa da asuba shi ne shaidarki.

Ki tuna masa da Argungu, tun da nan kusa da ku take. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Yaushe ake faɗa wa gulbin Matan Fada da koma da gora? Da rani, wajen Fabrairu ko Maris, bayan ruwa ya ja, kuma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Kabawan da suka tsara haka ba matsorata ba ne. Sun dai san lokacin da ruwa ke bayarwa da lokacin da yake karɓa.

Shi da yake cewa a ruwa aka haife shi, akwai abin da ya kamata ya sa a lissafi. Gulbin da kakansa ya sani ba shi ne na yau ba. A yanzu akwai madatsar Bakolori a sama ta wajen Talata Mafara, akwai ta Goronyo a kan gulbin Rima. Idan suka cika aka saki ruwa, yana iya iso ku alhali ko hadari bai haɗu a Kalgo ba. Mutanen Sakkwato da Kabi ba su manta da ambaliyar 2010 ba, kuma manoman shinkafa na jihar Kabi har yau suna ba da labarin ta 2020. Gwanintar iyo ba ta hana kalli naɗe ƙafa a cikin duhu. Sau nawa muka je ta'aziyya aka ce mana, ai marigayin duk garin babu wanda ya kai shi iya ruwa?

Ga abin da za ki yi.

Maganar yaro babu sassauci a cikinta. Ba zai sake shiga jirgin dare ba. Ɗan shekara 12 ba shi da ƙarfin da zai tsayar da jirgi a igiyar ruwan Satumba, kuma in wani abu ya faru, uban ne zai fara rasa yadda zai yi da ransa. Amma kada ki faɗa masa a gaban 'ya'ya, kada kuma ki faɗa da kuka. Ki bari ya ci ya sha, ki ce, "Maigida, ni ina da roƙo guda." In ya ƙi, ki tafi wurin yayansa ko baffansa. In akwai Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunta a garinku, shi ya fi, don abin da matarsa ta faɗa ya ji haushi, in ya fito daga bakin wanda ya koya masa ɗinkin kalli sai ya sunkuyar da kai.

Sannan kada ki ce ya bar su. Ki ce ya koma gefe. Ya kafa gura da undurutu a bakin fadama inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, ya shimfiɗa mamari da yamma tun da sauran haske, ya je dubawa bayan gari ya waye. Tarwaɗa na bin irin wuraren nan bayan an ɗauke ruwan sama. Ya riƙa lura da maciji, don su ma ambaliya ta kore su zuwa tudu da kan ciyawa. In kuma dole sai ya shiga jirgi, to da rana, tare da babba ɗan'uwansa, da rigar nan mai hana nutsewa. In ba ta samu ba, ko jarka maras komai ya toshe bakinta ya ɗaura kusa da shi. Ai gorar da kakanninsa ke kwanciya a kai aikinta ke nan.

Bashin kuma a tunkare shi da rana tsaka. Ya ɗauki wani babba su je wurin mai taki, a nemi a ɗaga masa zuwa bayan kaka. Mai taki ya san ruwa ya ci fadama, ba a gonar mijinki kaɗai ya tsaya ba. Daga Oktoba zuwa Disamba, in ruwa ya fara ja, kifin nan da ya yi ƙiba a fadama zai juyo yana neman hanyar gulbi, lokacin ne masunci ke cika kwando. Ga noman rani kuma yana tafe. Ke ma, ɗiyata, kada ki zauna. In kina cikin adashe, ki nemi a ba ki ɗauka da wuri, ki gyara wurin banda, kifin da ya kawo kada a sayar da shi ɗanye a wulaƙance.

Ku kuma masu karatu, na san da yawanku kuna gyaɗa kai kuna cewa mijin nan ya cika taurin kai. A hankali dai. Wace ce a cikinmu ba ta da irinsa a gida? Wani babur yake hawa da tsakar dare, wani mota yake ɗauka bai runtsa ba, duk don kada a ce ya kasa. Kuma tun da na samu bakin magana, masu tace fadama da gidan sauro a wannan lokaci, kuna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, da masu zuba gamalin a tafki, ku ji tsoron Allah. Kifin da za a kama da kaka ne kuke soyawa tun yana jariri, gidan sauron kuma don 'ya'yanku aka raba shi.

*

Inna, ni ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ina zaune a Kalgo. Na ga Turawa a waya suna kamun kifi da wata doguwar sanda da ƙugiya mai gashin tsuntsu, abin ya burge ni. Na tara kuɗi na sayo. Sau huɗu ina zuwa bakin ruwa bayan an yi ruwan sama, ko ƙaya ban kamo ba, yara sun sa mini suna Bature. Yarinyar da nake nema ma ta ji labari tana yi mini dariya. Yaya zan yi?
Ɗanki mai son fatsa

Kai, Bature, sannu da ƙoƙari! Ni ma na dara, ka yafe mini.

Kifin da ka gani a waya, wanda suke kira tirawut, ɗan ruwan sanyi ne mai garau, irin na duwatsun Turai da Amurka. A Afirka sai a tsaunuka irin na Kenya da Lesoto, can ma kai shi aka yi. Da ido yake farauta, ƙwari yake ci, shi ya sa ake yaudarar sa da gashin tsuntsun da aka ɗaure kamar ƙwaro. Su kansu masu wannan fatsa, in kogi ya kawo ya yi ja, ba sa jifa tsakiya. Gefe suke bi inda ruwa ya lafa, kuma sun fi son ranar da ya fara ja yana washewa. Kai kuwa ka ɗauki gashin kaza ka kai wa tarwaɗa a ruwan da ya yi kamar kunun kanwa. Ita da gashin baki take lalube, ƙanshi take bi. Ka ba ta tana ko gara ka ga aiki.

Kada ka jefar da sandarka. Ka adana ta sai sanyi ya shigo ruwa ya kwanta, ka gwada ta a kan kawara da tsage, su masu cafkar abin da ke motsi ne. A kogin Faro na Kamaru da irin wannan sanda baƙi ke kama tsage da giwan ruwa da rani. Ka dai sa ɗan siririn waya kusa da ƙugiya, don haƙorin tsage ba ya barin zare. Kafin nan, ka sayi goro ka je ka gai da wani tsohon masunci, ka zauna ka yi shiru. Kuma kada in ji ka tsaya a bakin gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta kana ɗaukar hoto.

Yarinyar kuwa, in ba ta damu da kai ba da ba ta bi labarinka har bakin gulbi ba. Ka bar ta ta dara. Ranar da ka kamo na farko, ka aika wa mahaifiyarta.