Darasi Ga Masu Zuba Jari: Yadda Ake Gane Irin Kwakwar Manja

Abuja — Duk ɗan kasuwar da ke niyyar kafa gonar kwakwar manja a Abaji, Kwali ko maƙwabtan jihohin Nasarawa da Kogi, ya kamata ya san cewa ribarsa ko asararsa tana cikin irin da ya saya, domin itacen sai ya kai kimanin shekara 3 kafin ya fara 'ya'ya, kuma akan ci moriyarsa wajen shekara 25.

Kwakwar manja kashi uku ce. Dura tana da ƙwarya mai kauri, milimita 2 zuwa 8, da ɗan nama kaɗan. Pisifera ba ta da ƙwarya, kuma galibi ba ta riƙe 'ya'ya. Tenera, wadda ake samu idan an barbara dura da pisifera, ƙwaryarta siririya ce, namanta da yawa, ita ce mai ba da manja sosai.

A nan ne ake yin kuskure. Wanda ya tsinci ƙwallaye a ƙarƙashin tenera ya shuka, rabin itatuwansa ne kawai za su fito tenera, rubu'i dura, rubu'i pisifera. Haka kuma ingantaccen irin tenera yana zuwa da ƙwarya mai kauri, don uwarsa dura ce. Ke nan ido ba ya rarrabewa. Asalin irin ake bincika.

Kowane ƙwallo yana da ƙofofi uku a kansa, ta nan tsiro ke fitowa. Idan aka bar shi haka, yakan yi watanni bai tsira ba, ko ya fito jefi-jefi. Saboda haka masana kan ɗumama shi a zafin digiri 39 zuwa 40 na kwana 60 zuwa 80, su jiƙa shi da ruwa, sannan ya tsira cikin 'yan makonni. Wajen dasawa a leda, saiwa ƙasa take kallo, toho sama. A yi rainonsa kimanin shekara guda kafin a kai gona.

Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, da ke kusa da Benin, wadda tushenta ya faro a 1939, tana samar da irin da ya riga ya tsira. Mai saye ya nemi rasit da shaidar asali. Araha a wannan harka ba ta ado, don sai bayan shekaru uku na kashe kuɗi gaskiya ke fitowa.