Tsohon Da Ba Ya Iya Fitowa Bara



Kusan kowace unguwa akwai tsoho ko tsohuwa da 'ya'ya suka rasu ko suka yi nisa. Ba ƙarfin fita, ba mai leƙowa. Sadakarmu ba ta isa gare su, domin mun saba ba wanda ya miƙo hannu a titi.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) yakan je yi wa wata makauniyar tsohuwa hidima a gefen Madina, sai ya tarar an riga shi. Da ya yi fako, sai ga Sayyidina Abubakar (RA), alhali shi ne Halifa!

Darasin shi ne: jikinka ma sadaka ne. Ɗebo mata ruwa. Kai masa kunu ko koko, tunda haƙora sun zube. Raka shi asibiti, ka saya masa magani. Gyara rufin ɗaki kafin damina, ka kai bargo kafin hunturu. In kana fitar da zakka, tuna cewa faƙirai da miskinai aka fara ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Matasan kowane masallaci ku raba kwanaki, kullum mutum ɗaya ya leƙa. Kuma don Allah ban da ɗaukar hoto, mutuncinsu amana ne.

Allah Ya ba mu masu duba mu ranar da ƙarfi ya ƙare.