Kunne Ba Ya Barci: Darasi a Kan Sauti da Hutun Dare

Hausawa sukan ce dare mahutar bawa. Amma a ƙauyukanmu na wajen Kura da Bunkure da Garun Malam, mutane da yawa ba sa samun wannan hutu yadda ya kamata. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwa ta manyan kanal zuwa Kadawa da kewaye, hutun rani da kakanninmu suka sani ya ƙare. Ana kwashe shinkafar damina sai a shiga tumatir da albasa da alkama. Wannan albarka ce, ba mai musu. Sai dai jiki ne yake biyan kuɗinta.

Waɗanda suka tsara aikin ruwan sun haƙa tafkuna domin ruwa ya taru da dare, a yi ban ruwa da rana. Wato a tsarinsu, manomi ya kamata ya kwana a ɗakinsa. Amma wanda gonarsa take can ƙarshen kanal ya san ruwa yakan iso masa ne bayan na sama sun ƙoshi, sau da yawa da tsakar dare. Ga mai kwana a gona yana gadin injin ban ruwa. Ga mai kai tumatir Kwanar Gafan tun kafin asuba. Ga matan da suke turara shinkafa har dare ya raba. In mutum ya yi wata da watanni a haka, ran da ya sami zarafin kwanciya da wuri ma sai barcin ya ƙi zuwa. Ya yi ta juyi a kan tabarma yana lissafin bashin taki.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi shi ne abin da muke gani yana biyo baya. Matasa suna shan tramadol da rana domin su jure aiki, da dare kuma su nemi ƙwayar barci irin su diazepam, wadda aka fi sani da D5, a wurin mai tallan magani. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hana kwalba bai kawo wa kowa barci ba. Diazepam tana kama jiki: bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isa, sai an ƙara. In aka haɗa ta da burukutu ko wata giya, tana iya danne numfashi har mutum ya zarce daga barcin. Saboda haka, 'yan'uwa, bari mu duba wani taimako da ba a saye da kuɗi.

Me ya sa ƙara take tashinmu?

Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Ko muna cikin barci mai nauyi, kunne yana nan yana kai wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuwa tana tacewa kamar mai gadi a bakin zaure: wannan ya wuce, wannan a ta da maigida. Shi ya sa uwa takan yi barci ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma jaririnta na yin ɗan ƙorafi ta farka. Shi ya sa kuma mai gadin inji yakan yi barci injin yana ruri kusa da kansa, amma mai na ƙarewa injin ya mutu, sai ya zabura. Shirun ne ya tashe shi. A lura da wannan da kyau: abin da ya fi tashin mutum shi ne canji na farat ɗaya, ba ƙarfin sauti kaɗai ba.

Barci kuma ba dogon zare ɗaya ba ne. Yana zagayawa ne, wajen kowace awa ɗaya da rabi, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, ya sake dawowa. A gaɓar da ya yi sauƙi ne haushin kare, ko babur, ko kukan jaki, ke samun ƙofa. Babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7 a dare. In aka yayyanka masa su, zai tashi da gajiya ko da ya daɗe a kwance.

To, sauti mai laushi wanda yake tafiya bai ɗaya yana yin aiki biyu. Na fari, yana rufe ƙarar da takan zo ba zato. In aka ƙyasta ashana cikin duhu kowa zai gani, in aka ƙyasta ta da rana tsaka ba mai lura. Haka haushin kare yake: cikin shiru tsit yana tsaga dare, amma in ana yayyafi a kan rufin ciyawa sai ya nitse a ciki. Na biyu, yana ba zuciya abin riƙewa wanda ba lissafi ba. Kunne yana bin zubar ruwa, numfashi ya lafa, kafaɗu su sauka.

Abin da iyayenmu mata suka sani

Ba baƙon ilimi ba ne wannan. Macen da take daka da goyo a baya ta san lugude yakan sa yaro barci, ana ajiye taɓarya kuwa ya buɗe ido. Kaka takan rungume jika tana jijjiga shi, tana bubbuga bayansa a hankali, tana maimaita waƙa ɗaya da ƙaramar murya. Jariri ya yi watanni a cikin ciki yana jin bugun zuciyar uwarsa da gudun jininta dare da rana. Shiru shi ne baƙo a wurinsa.

Likitoci sun gwada abin. A 1990, a wani asibiti a Landan, an raba jarirai 40 'yan kwana biyu zuwa bakwai gida biyu. An kunna wa 20 wani sauti mai “shuuu” kamar na rediyon da bai kama tasha ba, sauran 20 ba a kunna musu kome ba. Cikin minti 5, jarirai 16 daga rukuni na fari sun yi barci. A rukuni na biyu, 5 ne kawai. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka suka sa jarirai su saurari waƙoƙin reno na waɗansu al'ummai da harsunan da ba su taɓa ji ba, sai aka ga bugun zuciyarsu ya ragu. Ashe ba kalmomin ne suke aiki ba, laushin murya ne da maimaitawa.

Ga manya fa? A nan sai mu yi magana da auna. Da masana suka tattara bincike 38 a kan wannan sauti mai “shuuu” a 2021, sun ce hujjar ba ta da ƙarfi: yana taimakon waɗansu, waɗansu kuwa damunsu ma yake yi. Kiɗa mai sanyi ya fi samun shaida. A 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta duba gwaji 13 da aka yi da mutum sama da 1,000 masu fama da rashin barci. Sun saurari kiɗa kowace rana, kuma a jimlace sun ce barcinsu ya fi daɗi. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki ba za mu yi mamaki ba. A 1 Sama'ila sura 16, lokacin da hankalin Sarki Saul yake tashi, barorinsa suka ba da shawara a nemo wanda ya iya kaɗa garaya. Aka ɗauko Dawuda daga wurin tumaki, yakan kaɗa, sarki ya sami sauƙi. Amma mai karatu in ya ci gaba zuwa sura 18 zai ga Saul ɗin nan ya jefi Dawuda da mashi yana tsakiyar kiɗan. Garaya ta kwantar da shi, ba ta cire kishin da yake cinsa ba. Za mu dawo kan wannan.

Yadda za a gwada a gida

Kowa ya fara da abin da yake da shi. Wanda gidansa yake jin zubar ruwan kanal, ko kukan kwaɗi da gyare daga fadama, ya riga ya samu kyauta; abin da ya rage shi ne ya kasa kunne gare su maimakon ya bi tunani. Mai fanka ta sola ya kunna ta a ƙasa-ƙasa. Mai ƙaramin rediyo ya murɗa shi tsakanin tasha biyu, ya rage murya. Mai waya yana iya zuwa da rana inda ruwa ke faɗowa daga ƙofar kanal ya naɗi sautin na minti goma ko ashirin, ko ya naɗi ruwan sama da damina ya ajiye don rani. Ba sai an sayi data ba.

In waƙa aka zaɓa, a zaɓi mai tafiya a hankali, daidai da bugun zuciyar mutumin da yake zaune yana hutawa, wato bugu 60 zuwa 80 a minti. Waƙar zumuntar mata mai tulu da kacau-kacau tana da daɗi ran Lahadi, amma ta rawa ce, ba ta kwanciya ba. Labaran duniya, da wasan kwaikwayo, da sharhin ƙwallo, har ma da wa'azi mai zafi, duka suna riƙe hankali a farke domin yana jiran abin da zai biyo baya. A ɗauki sauti ɗaya a yi ta amfani da shi kowane dare, a lokaci ɗaya, har mako biyu ko uku. Jiki yana koyo da sabo, kamar yadda kaji suka san kiran mai ba su tsaba. Wanda ya gwada ya ga damunsa yake yi, ya bari, ba dole.

Murya ita ce wurin da aka fi yin kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da take cikin ɗakin kwana kada ta wuce ma'auni 30 na desibel, kusan kamar raɗa ke nan, alhali hira ta yau da kullum takan kai 60. Ba mu da na'urar awo, amma ga gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin matarka ta ji ka, sautin ya yi yawa. Kada a kwana da abin sauraro a cikin kunne. Kada a ajiye waya ko rediyo a kan shimfiɗar jariri. A sa shi can gefen ɗaki, a kashe in ya yi barci. Muryar uwa ko ta uba ta fi kowace waya.

Abu biyu kuma muna roƙo da babbar murya. Kada kowa ya shigar da janareta cikin ɗaki ko zaure, ko ya ajiye shi a gindin taga, don fanka ta kwana tana juyawa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe iyali duka cikin barci. Sa'an nan kada daɗin ruwa ya ja mutum ya shimfiɗa tabarma a bakin kanal. Wurin sauro ne da macizai, yara kuma suna iya gangarawa.

Barci na maƙwabci

Ba mutum ɗaya ne yake da ikon shirun dare ba. Mai injin casar shinkafa, da mai gidan kallo, da mai biki, duk suna da hannu a ciki. Haka ma majami'a. In ana kwanan addu'a aka juya bakin lasifika waje har asuba, tsohuwar da take jinya a gidan baya da ɗan makarantar da zai rubuta jarrabawa su ne suke biya, ko Kirista ne ko Musulmi. A ganinmu dattawan ikkilisiya suna iya sa lokacin da za a kashe ta waje a bar ta ciki. Wanda ya fara da kansa ne yake da bakin roƙon mai inji.

Inda sauti ba ya kaiwa

Akwai ƙara ɗaya da ba a rufewa da wata ƙara, ita ce ta sauro. Ruwan da yake kwance a gonakin shinkafa yana haifar da shi rani da damina, maganinsa kuwa gidan sauro mai magani ne, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari suna da sinadarin da rabinsa yake nan a jini bayan wajen awa 5. Wanda ya ci goro bayan la'asar kada ya ga laifin kwaɗi.

Mu tuna da Saul. In abin da yake hana barci bashi ne, ko rikicin iyakar gona, ko tumatir da ya ruɓe a kwando don ba mai saye, sauti zai ba da ɗan sauƙi na dare ɗaya, amma sai an zauna da wani an yi magana: mata ko miji, fasto, ko ƙungiyar adashe da za ta iya sake tsara biya. Akwai kuma alamun da suke bukatar asibiti. Mutumin da yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa sa'an nan ya shaƙe ya farka, yana gyangyaɗi da rana ko a kan babur, a kai shi a duba shi, a auna jininsa, gama wannan ciwo yana tafiya da hawan jini. Haka wanda ya yi wata uku barci yana gagararsa dare uku ko fiye a mako, da wanda yake farkawa tun kafin zakara da baƙin ciki, ba ya son abinci, ba ya son mutane, musamman mai jego. Wanda ya riga ya saba da D5 kuwa kada ya yanke ta rana ɗaya, domin hakan yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ma'aikacin lafiya ne zai rage masa kaɗan-kaɗan.

Domin tattaunawa a ƙungiya

Waɗanne waƙoƙin reno ne tsofaffin matanmu suke tunawa da su, wa kuma zai koya wa sababbin uwaye? Wace ƙara ce ta fi damun ƙauyenmu bayan ƙarfe goma na dare, kuma wa ya dace a aika wurin mai ita? Masu gonaki a ƙarshen kanal ɗaya za su iya yin karɓa-karɓa a jiran ruwan dare, ta yadda ba wanda zai kwana a gona dare biyu a jere? A kawo maganar a taron ƙungiyar masu amfani da ruwa kafin a fara dashen tumatir.