Darasi na Tara: Karɓar Hayar A Daidaita Sahu

Babur mai ƙafa uku yana da sunaye da yawa. A Legas ana ce masa Keke Marwa, a wasu garuruwa Keke Napep, a Kano kuwa A Daidaita Sahu. Da yawa daga cikin masu tuƙa shi haya suke karɓa. Kullum da yamma sukan kai wa mai babur kuɗin da aka yanka musu, wato balas.

Idan wannan ne karonka na farko, kada ɗoki ya sa ka karɓi makulli kafin ku gama magana. Nawa ne balas? Ranar da babur ya wuni a wurin bakanike, za ka biya? Wa zai sayi taya, wa zai canja baƙin mai? A nan rigima ta fi tashi, saboda haka a rubuta komai a gaban shaidu.

Sannan ka duba birki da fitila da takardu. Ba shi da ƙofa, sai ka nemi labulen tare ruwa tun kafin damina. Ƙafarsa ta gaba kuma guda ce tak: in ka sha kwana da gudu, yana iya kifewa da kai da fasinjojinka.

Tambayoyi
1. Mene ne balas?
2. Yaya ake kiran wannan babur a garinku?